Dogon Kano Zuwa Maraɗi: 'Yan Kallo Ma Suna Da Aiki

Tun da aka fara shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wata sabuwar sana'a ta ɓullo a ƙasar Daura wadda ba a biyan kowa ko sisi a kanta, wato kallon aiki. Daga Sandamu har cikin birnin Daura, da wuya ka daɗe a majalisa ba a ɗauko zancen inda aikin ya kai ba. Wannan ya ce an gama cike a wuri kaza, wancan ya ce ya ga manyan motoci sun sauke tsakuwa, wani matashi kuma ya zaro waya ya nuna bidiyon da ya ɗauko daga kan babur. Wasu dattawa suna ganin zaman kashe wando ne kawai aka sanya wa sabuwar riga. Ni kuwa ina ganin akwai amfani babba a cikin wannan kallo, muddin an san abin da ya kamata a kalla.

Ba mu kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. A Turai da Amurka akwai mutanen da suka mayar da bin diddigin gina jirgin shillo abin sha'awarsu. Jirgin shillo, wanda Turawa ke kira rola-kosta, wani ɗan jirgin wasa ne da ke gudu a kan dogo mai murɗe-murɗe a wuraren shaƙatawa. Ana jan sa zuwa ƙololuwa, sannan a sake shi ya gangaro da nauyinsa, mahaya suna ta kururuwa. Masoyansa a Amurka har ƙungiya gare su tun shekarar 1978. Da zarar an fara haƙa harsashin wani sabo, sai su dinga kai ziyara suna ɗaukar hoton kowane ginshiƙi. Sukan nemo takardun izinin gini a ofisoshin hukuma su karanta, kuma daga siffar ƙarfe kaɗai sukan gane kamfanin da ya ƙera shi. Haka suka bi ginin Falcons Flight a Ƙiddiyya, kusa da Riyad a Saudiyya, wanda aka tsara ya fi kowane irinsa tsawo da gudu a duniya.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, me ya haɗa kayan wasan masu kuɗi da dogon da talaka ke jira? Tarihi ne ya haɗa su. A shekarar 1827 an shimfiɗa wani dogo a Mauch Chunk, cikin jihar Fensilbeniya ta Amurka, don gangaro da kwal daga kan dutse. Taragai na saukowa da nauyinsu, alfadarai kuma su mayar da su sama. Daga baya mutane suka fara biyan kuɗi don su ɗanɗana wannan gangara. Irin wannan dabara ce LaMarcus Thompson ya mayar abin wasa a Coney Island ta birnin New York a 1884. Ashe jirgin shillo ɗa ne ga jirgin ƙasa. Abin da ya bambanta masu kallonsa da namu shi ne su sun san sunan abin da suke gani da dalilin yin sa. Idan har za a yi wa abin wasa irin wannan sa ido, ina ga aikin da zai ratsa gonakinmu, ya zauna tare da jikokinmu?

Bari mu fara da abin da kowane ɗan kallo ya kamata ya haddace. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da aikin ranar 9 ga Fabrairu, 2021, lokacin da Rotimi Amaechi ke ministan sufuri. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar, a kan kuɗin da ya kusa dala biliyan 2. Tsawon layin kusan kilomita 284 ne. Ya tashi daga Kano ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, ya ƙare a Maraɗi cikin Jamhuriyar Nijar, ga kuma reshe daga Kano zuwa Dutse. Faɗin dogon milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, saɓanin tsohon dogon Turawa mai milimita 1,067. Wancan tsohon dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, amma bai taɓa leƙo Katsina ko Daura ba. Fiye da shekara ɗari kenan kakanninmu suna jin labarin jirgi daga bakin fatake. Saboda haka zumuɗin da ake yi yau yana da dalili.

Sai dai zumuɗi ba ya hana ruwa cin gona. Akwai wata ƙa'ida ta aikin dogo da ta shafi kowane manomi. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta da kamun da tayar mota ke da shi, don haka jirgin kaya ba ya iya hawan tudu mai tsayi. Jirgin shillo da gangara yake rayuwa, jirgin ƙasa kuwa shimfiɗa yake nema. Wannan ne ya sa inda ƙasa ta yi kwari ake cike ta da marmara a danne har ta zama doguwar ganuwa, inda ta yi tudu kuma a yanke ta. Bayan nan ne ake zuba tsakuwa, a jera shimfiɗun kankare, a ɗora ƙarfe. Ganuwar da ta miƙe tsawon kilomitoci a cikin jigawa da fadama dole ta tare abu biyu: ruwa da hanya.

Don haka abu na farko da ya cancanci idon ɗan kallo shi ne kwalbati. Injiniya yana da taswira da lissafi, amma dattijon da ya yi shekara 50 yana noma a wurin shi ya san inda ruwan Agusta ke bi a shekarar da damina ta yi albarka. Idan an sa kwalbati a inda ba nan ne magudana ba, ko ya yi ƙanƙanta, gonar da ke sama za ta zama tafki, ta ƙasa kuma zaizaya ta cinye ta. Gyaran wannan tun ma'aikata suna wurin abu ne mai sauƙi. Bayan sun naɗe kayansu, sai dai takardar koke.

Na biyu shi ne mashiga. Ƙasarmu ƙasar noma da kiwo ce. Duk wanda ya taɓa ganin kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ya san yawan dabbobin da ke ratsa wannan masarauta. Ina burtalin da aka saba bi? Ta ina amalanke za ta kai taki gona? Ta ina yara za su tsallaka zuwa makaranta, ko a kai gawa maƙabarta? Inda aka toshe burtali ba a bar mafita ba, shanu cikin gona za su faɗa, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya.

Na uku su ne ramukan da aka ɗebi ƙasa. Duk babban aikin hanya yana barin irinsu, kuma da damina sukan zama kududdufai masu zurfi da ke jan yara zuwa wanka. Ya kamata masu unguwanni da dagatai su san adadinsu a yankunansu, su kuma nemi a cike su, ko a kewaye su, ko a gyara bakinsu su zama wurin shayar da dabbobi.

Na huɗu ita ce diyya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamnati ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma ta tanadi diyyar amfanin gona da gine-gine da sauran abin da mutum ya raya a kai. Matashin da ya iya ɗaukar bidiyon katafila ya iya taimaka wa kawunsa ya adana hoton gonarsa da itatuwan da ke ciki da kwafin duk takardar da ya sa wa hannu.

Wannan sa ido yana da gindi a doka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ɗora mata wajibcin amsawa cikin kwana 7. Dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta wajabta yin nazari kafin babban aiki irin wannan, kuma rahoton nazarin ba sirri ba ne. Ɗalibanmu na Jami'ar Sufuri ta Daura, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019, su ya fi dacewa su jagoranci wannan karatu. Ba kullum ne ake gina dogo a ƙofar makarantar koyon dogo ba. Abin da za su gani da idonsu a wannan fili ya fi abin da allo zai nuna musu.

Akwai kuma ladubban kallo. Filin aiki wurin manyan injina ne, ba dandalin ɗaukar hoto ba, don haka a tsaya daga nesa. Duk bidiyon da za a saka a Facebook ko TikTok a faɗi wurin da ranar da aka ɗauke shi, domin tsohon hoto da sabon labari ƙarya ce ko da hoton gaskiya ne. A yabi abin da aka yi da kyau kamar yadda za a nuna wanda aka yi sakaci. Sannan idon da ke kallon ɗan kwangila shi ne zai kalli ɓarawon ƙarfe, domin satar kayan dogo ta daɗe tana addabar ƙasar nan, kuma mai sayen ƙarfen ba daga sama yake faɗowa ba.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan batu shi ne tarihin ayyukanmu. Layin dogon Itakpe zuwa Warri an fara shi a 1987, ba a buɗe shi ba sai a 2020. Yaron da aka haifa ranar da aka fara shi ya yi aure ya haihu kafin ya ji ƙarar jirgi. Namu ma an sha ɗaga wa'adin kammala shi. Shugaban da ya ƙaddamar da shi ya bar mulki a 2023, ya rasu a Yulin 2025, yana kwance a Daura. Aikin da ya rasa uba yana buƙatar dangi, kuma danginsa su ne mutanen Sandamu, Daura, Zango, Ɓaure da Mai'aduwa, da 'yan'uwansu har Jibiya da Maraɗi. Gwamnati takan manta da aikin da jama'a suka manta da shi, amma tana jin nauyin wanda kowane wata ake tambayar ta inda ya kwana.

Shawarata ga ƙungiyoyin matasa da na ɗalibai a masarautar nan ita ce su raba layin gida-gida. Kowace ƙungiya ta ɗauki yankin da ke kusa da ita, ta riƙe littafi, ta rubuta abin da aka yi duk wata, ta kai wa hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa kwafi. Hausawa sun ce idon mai dukiya shi ke sa ta ƙiba. Wannan dogo dukiyarmu ce, da bashin da za mu biya ake gina shi. Allah Ya nuna mana ranar da jirgi zai tsaya a tashar Daura lafiya, ba tare da ya bar kowa da kuka a bayansa ba.