Yadda ake gano takun da ke ƙure sarki a wasan dara na ches

A ranar 30 ga watan Nuwamba na shekarar 2016, a birnin Niyok na Amurka, Magnus Carlsen ɗan ƙasar Norway ya ɗauki sarauniyarsa, wadda ta fi duk 'ya'yan wasan dara na ches daraja, ya ajiye ta a gidan da abokin karawarsa zai iya cinye ta ta hanyoyi biyu.

Sergey Karjakin na Rasha ya dubi allon, sannan ya miƙa hannu ya sallama. Da wannan taku, wanda shi ne na 50 a wasan, Carlsen ya ci gaba da riƙe kambunsa na zakaran duniya, a ranar da ya cika shekaru 26 da haihuwa.

Tun daga lokacin, masu koyar da wasan ke jera 'ya'yan dara kamar yadda suke kafin wannan taku, su ce wa ɗalibai: mai farare ne da wasa, kuma zai ƙure sarki cikin taku biyu. Aikin ɗalibi shi ne ya gano hanyar.

Mene ne ƙure sarki?

Allon ches yana da gidaje 64, kuma kowane ɓangare, mai farare da mai baƙaƙe, na farawa da 'ya'ya 16. Ana kiran kowane gida da harafi daga a zuwa h, haɗe da lamba daga 1 zuwa 8.

Idan aka kai wa sarki hari, wato aka yi masa kashedi, doka ta wajabta wa mai shi ya kare shi nan take. Hanyoyi uku kaɗai yake da su: ya matsar da sarkin, ko ya cinye maharin, ko ya sa wani ɗa a tsakaninsu. Idan duk ukun suka faskara, an ƙure sarki ke nan, wasa ya ƙare.

Ƙurewar dole kuwa ita ce wadda abokin karawa ba shi da yadda zai kuɓuce mata, kome ƙwarewarsa, domin kowace amsa ya bayar, akwai takun da ke jiran ta.

Halin da Carlsen yake ciki

Wasanni 12 na farko sun ƙare ne kowa na da maki 6, saboda haka aka shiga wasanni huɗu na raba gardama, inda ake ba kowane ɗan wasa minti 25. An yi kunnen doki a biyun farko, Carlsen ya ci na uku. A na huɗun kunnen doki ma ya ishe shi.

Sai dai kuma sarkinsa na cikin haɗari a kusurwar h1. Sarauniyar Karjakin na gidan f2, hasumiyarsa na a2, kuma da zai samu sararin taku ɗaya, zai tura sarauniyar zuwa g2 ya ƙure Carlsen, a koma wani zagayen na raba gardama.

A ɗaya gefen allon, sarkin Karjakin na gidan h7, da dakarunsa biyu a f7 da g7. Carlsen kuma na da sarauniya a f4, hasumiyoyi a c8 da f5, da dakare a h5.

Ƙidayar gidajen sarki

Abu na farko da mai warware irin wannan matsala ke yi shi ne ƙidaya gidajen da ke maƙwabtaka da sarkin da ake farauta. A nan guda biyar ne.

Hasumiyar da ke c8, wadda ke tafiya a miƙe, ta tsare g8 da h8. Dakaren Karjakin ya toshe g7. Dakaren Carlsen, wanda ke cin abin da ke gabansa a karkace, ya tsare g6, sarauniya kuma na kallon h6.

Ma'ana, sarkin ba shi da inda zai motsa. Abin da ya rage shi ne a samu kashedin da ba za a iya karewa ba.

Mataki na biyu shi ne a lissafa duk wani takun kashedi, har da wanda ake gani kamar wauta ne. Dalili kuwa shi ne kashedi na taƙaita amsoshin abokin karawa, kuma yana hana shi damar aiwatar da nasa harin.

Carlsen na da irin wannan taku guda biyu. Zai iya tura hasumiya zuwa h8, amma sarki zai cinye ta, harin kuma ya mutu. Saura sarauniya zuwa h6.

A nan ne masu koyo da dama ke cijewa. An saba ƙiyasta darajar sarauniya da maki 9, hasumiya 5, doki da giwa 3 kowanne, dakare kuma 1, saboda haka ido kan tsallake duk takun da zai salwantar da ita. To amma wannan lissafi ba shi da amfani idan an ƙure sarki.

Bin kowace amsa

Mataki na uku, wanda ya fi buƙatar haƙuri, shi ne bin kowace amsa har ƙarshenta. Karjakin na da amsa biyu.

Idan sarki ya cinye sarauniyar, ya sauka ke nan a h6, sai hasumiyar c8 ta koma h8 ta yi masa kashedi daga baya. Ɗaya hasumiyar ta tsare g5, tana kuma kare dakaren h5, wanda shi ma ya tsare g6. Babu mafita.

Idan kuma dakaren g7 ne ya cinye ta, ya buɗe layi na bakwai, kuma ya toshe wa sarkinsa h6. Sai hasumiyar f5 ta cinye dakaren f7 ta yi kashedi. Sarauniyar Karjakin ba za ta iya kai ɗauki ba, domin wani dakaren Carlsen da ke f3 ya tare mata hanya.

Wannan ƙaramin dakare na nuna dalilin da ya sa ake duba allon baki ɗaya kafin a saki ɗa. Da babu shi, da sarauniyar Karjakin ta cinye hasumiyar, Carlsen ya yi biyu babu.

Tsohuwar al'ada

Shirya irin waɗannan matsaloli ya samo asali ne tun fiye da shekaru dubu da suka gabata. A zamanin daular Abbasiyya, gwanayen shaɗaranji na Bagadaza, irin su al-Adli a ƙarni na 9 da as-Suli wanda ya rasu a shekarar 946, sun tattara su a littattafai, ana kiran kowace ɗaya mansuba.

Da yawa daga cikinsu an tsara su ne ta yadda mai wasa ke gab da shan kaye, dole ya yi ta kashedi yana sadaukar da 'ya'yansa har ya ƙure sarki, kusan irin halin da Carlsen ya samu kansa.

Sai dai a wancan zamani babu sarauniya mai ƙarfi irin ta yau. A gurbinta akwai waziri mai tafiyar gida ɗaya a karkace, kuma sai a ƙarshen ƙarni na 15 ne aka sauya dokar a Turai.

Carlsen, wanda ya fara zama zakara a shekarar 2013, ya riƙe kambun har zuwa 2023, lokacin da ya zaɓi kada ya sake kare shi.