Ingilishin Kasuwa Daban, Ingilishin Takarda Daban

Duk motar kayan da ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Lome za ta arewa, babbar hanya mai lamba 1 take bi, ta ratsa Aouda, ta shiga Sokode, ta haura Kara da Dapaong, sannan ta kai bakin iyaka a Sinkase. Mu da ke zaune a bakin wannan hanya mun saba da ganin kayan: babura, da tayoyi, da atamfofi, da kayan gyaran mota, da maganin feshi. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne takardun da ke tafe da su. Na duwan dai da Faransanci ake cika su, amma rasidin kamfanin da ya sayar, da takardar jirgin ruwa, da rubutun jikin kwali, galibi da Ingilishi suke zuwa, ko da kuwa daga Sin ko Dubai ko Indiya kayan suka fito.

Da yawa daga cikinmu suna jin Ingilishi daidai gwargwado. Wanda ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Sinkase da Bawku, ko yana saro kaya a Kumasi da Legas, ba ya bukatar tafinta wajen taya kaya ko neman ragi. Amma a miƙa masa takardar yarjejeniya mai shafi biyu, sai ka ga ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, daga baya ya nemi wanda zai karanta masa. Idan an yi sa'a mai karantawar ɗan gida ne. Idan ba a yi ba, sai a faɗa hannun wanda zai ci ladan fassara, ya kuma san sirrin jarin mutum kaf.

Bukatar kuwa ƙaruwa take yi. A watan Yunin 2022, a taron Kigali, Togo ta shiga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila, duk da cewa Faransa ce ta rene ta har zuwa samun mulkin kai a 1960. Hedikwatar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka kuma a Akra aka kafa ta. Daga shekarar karatu ta 2023 gwamnati ta fara gwajin koyar da Ingilishi tun daga ƙananan makarantu. To, wane Ingilishi ne ya kamata ɗan kasuwa ya nema wa kansa da 'ya'yansa?

A nan akwai abin koyi daga mutanen Japan, waɗanda motocinsu da baburansu suka cika garuruwanmu. Su ma 'yan kasuwa ne masu sayarwa ga duniya, kuma harshensu ba ya da dangantaka da Ingilishi ko kaɗan, hatta rubutunsu daban ne. Saboda bukatar kamfanoninsu ne aka ƙirƙiro jarrabawar TOEIC, wadda ke auna Ingilishin wurin aiki, aka fara yin ta a Japan a 1979. A 2020 kuma suka mai da Ingilishi cikakken darasi a aji 5 da 6 na firamare.

Abin mamaki, sun yi aron kalmomi irin namu. Abin da muke kira tebur su "teburu" suke cewa, bokiti kuma "baketsu". Sai dai wasu kalmomin aron sun sauya ma'ana a bakinsu. Kalmar "service" a wurinsu takan nufi gyara ko kyautar da mai shago ke ƙara wa mai saye, "claim" kuma ta zama ƙorafi kawai. Saboda haka ɗalibin Japan yakan ɗauka ya san kalma, sai ya gamu da ita a takardar ciniki ta ƙasar waje ya tarar ba abin da take nufi ke nan ba. Manyan kalmomin littafi kuwa, dole ya haddace su ɗaya bayan ɗaya, domin ba su yi kama da komai a harshensa ba.

Waɗannan manyan kalmomi suna da iyaka, an ma ƙidaya su. A shekarar 2000 wata malama mai suna Averil Coxhead, ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar Niyu Zilan, ta tattara rubuce-rubucen jami'a masu kalmomi kimanin miliyan 3 da rabi daga fannoni huɗu: kasuwanci, da shari'a, da kimiyya, da adabi da dangoginsa. Ta ware kalmomi 2,000 na yau da kullum, waɗanda Michael West ya jera tun 1953, ta ajiye su gefe. Sannan ta duba waɗanda suka rage, ta zaɓo masu yawan maimaituwa a kowane fanni. Ta samu kalmomi 570, kowace da 'ya'yanta. Waɗannan kaɗai su ne kimanin kashi 10 cikin 100 na duk rubutun ilimi mai zurfi, wato a kowane layi mai kalma goma sai ka ci karo da ɗaya. Ta kasa su gida 10 bisa yawan fitowarsu, gida 9 na farko kalma 60 kowanne, na ƙarshe 30. Da wannan jeri ake koyar da ɗalibai a ƙasashe da dama, har da Japan.

Duk da an ce na jami'a ne, wanda ya duba gidan farko zai ga kamar don 'yan kasuwa aka tsara shi. A ciki akwai "contract", wato yarjejeniya, da "export", fitar da kaya waje, da "estimate", ƙiyasi, da "income", kuɗin shiga, da "legal", abin da doka ta yarda da shi, da "percent", kashi cikin ɗari, da "distribute", rarrabawa. Su ne kalmomin da ke cikin takardar banki, da ta inshora, da ta mai kawo kaya.

Ga inda Allah Ya ba mu sauƙin da bai ba mutanen Japan ba. Malamar ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan kalmomi asalinsu Latin ne ko Girkanci, kuma da yawansu ta hanyar Faransanci suka shiga Ingilishi, tun bayan da mutanen Normandi ta Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Ashe ke nan yaron da ya yi karatun boko a Sokode ko Dapaong, ya san "contrat" da "finance" da "période" da "distribuer", ya riga ya ci fiye da rabin tafiyar. Abin da takwaransa na Tokyo zai yi wata da watanni yana haddacewa, shi kallo ɗaya zai yi masa ya gane. Abin da ya rage masa shi ne lafazi, da sanin inda tarko yake.

Tarkon kuwa akwai shi, kuma a kan kuɗi yake kamawa. "Délai" a Faransanci wa'adi ne, amma "delay" a Ingilishi jinkiri ne, don haka wanda ya rubuta wa kamfani yana neman wa'adin kwana 30 zai iya zama ya shaida musu cewa zai makara. "Caution" a Faransanci kuɗin jingina ne, a Ingilishi gargaɗi ne. "Location" a Faransanci haya ce, a Ingilishi wuri ne. "Demander" roƙo ne ko tambaya cikin ladabi, amma "demand" nema ne da ƙarfi, kamar mai bin bashi. "Éventuellement" na nufin mai yiwuwa, "eventually" kuwa na nufin ko ba daɗe ko ba jima za a yi. Wanda ya sa hannu a kan ta biyun yana zaton ta farko ce, ya ɗaure kansa da alkawarin da bai yi niyya ba.

Haka nan lambobi. A rubutun Faransanci, 1,500 da waƙafi ɗaya da rabi ne. A na Ingilishi dubu ɗaya da ɗari biyar ne, ɗigo shi ke raba cikakkiyar lamba da gutsure. Duk mai lissafin nauyin kaya ko farashin dala ya san abin da kuskuren nan zai jawo. Kwanan wata ma haka: a takardar da ta fito daga Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana, saboda haka 03/04 na nufin 4 ga Maris, mu kuwa 3 ga Afrilu za mu karanta.

Shawararmu ga iyayen gida ita ce, a kowane gidan ciniki a ware yaro ɗaya, namiji ko mace, daga cikin waɗanda suka yi nisa a boko, a ɗora masa wannan aiki. Jerin kalmomin kyauta ne a intanet, ana iya sauke shi a waya. Ya fara da gidan farko, kalma biyu a rana, cikin wata ɗaya ya gama 60. Ya sami littafi ya ja layi gida uku, Ingilishi, Faransanci, Hausa, ya sa jar alama a kan duk kalmar da ma'anarta ta saɓa. Kada ya tsaya ga hadda. A ba shi tsofaffin rasidai da takardun jirgi da ke jibge a shago, ya riƙa farautar kalmomin a ciki, domin kalmar da aka gani a kan kayan gida ba ta saurin fita daga kai. Ɗalibanmu da ke karatun Ingilishi a jami'o'in Kara da Lome, idan sun dawo hutu, za su iya duba masa lafazi.

Kakanninmu fatake da suka riƙa bin hanyar goro daga Kano zuwa Salaga, suna ya da zango a Didawure ta Sokode, sai da suka koyi harsunan mutanen da suka ratsa, suka kuma riƙe malamai masu rubuta musu wasiƙa da lissafi da ajami. Sun san cewa fatauci ba ya tafiya sai da amintaccen mai karatu a cikin ayari. Yau takardar ta koma Ingilishi, kuma kalma 570 ba ta fi ƙarfin yaron da ya haddace izu sittin ba.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kare mu daga asara.