Korona a Allon Waya, Kulle a Bakin Gada

Shirin namu na musamman yau ya yada zango ne a Gaya, ƙasar Dendi cikin jihar Dosso ta Nijar, garin da gada ta tashi daga gare shi ta ƙetare kogin Kwara ta sauka Malanville a ƙasar Benin, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi nan kusa. Batunmu fina-finan korona ne, da dalilin da ya sa suka gundiri masu kallo tun annobar ba ta kau ba.

A gari irin wannan, wanda ya fi kowa sanin kasuwar fim shi ne mai tura fina-finai a waya, yaron nan da ke zaune bayan kwamfuta a ɗan shagonsa, ana miƙo masa memori da 'yan daloli, ɗan kabu-kabu ya ce a zuba masa Indiya-Hausa, mai shayi ya ce ci gaban wanda ya kalla jiya. Ta wannan hanya, da ta WhatsApp, gajerun fina-finan faɗakarwa suka yi ta yawo a 2020. Kusan duk zubinsu ɗaya. Alhaji ya dawo daga tafiya yana tari, ya rantse babu wata korona, ya gaisa da kowa hannu da hannu. Sai ya kwanta. Sai likita cikin farar riga ya juyo ya dubi kyamara, ya manta da majinyacin da ke gabansa, ya shiga lissafa mana wanke hannu da sabulu, sa takunkumi, ba da tazara. Wanda ya kalli biyu ya san ƙarshen na uku tun kafin Alhaji ya sauke jakarsa.

Wasu na cewa mutane sun gaji ne da jin sunan cutar, suna neman abin da zai mantar da su. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin fina-finan Hausa da suka kama zukata a shekarar kulle, irin Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira, ba annoba ce jigonsu ba. Sai dai hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba. A farkon 2020 ɗin nan, mutane a faɗin duniya sun yi rububin kallon Contagion, fim ɗin Steven Soderbergh na 2011, wanda daga farkonsa har ƙarshensa annoba ce. A Najeriya ma akwai 93 Days na Steve Gukas, na 2016, kan shigowar Ebola Legas a 2014. Abin da ke riƙe mai kallo a cikinsa mace ɗaya ce, Dakta Stella Adadevoh, wadda ta ƙi sallamar Patrick Sawyer duk da matsin da aka yi mata, ta kamu da cutar, ta rasu. Mai kallo yana son ya san abin da za ta yi in ta shiga ɗakin nan. A fim ɗin Alhaji mai tari babu wanda ke da zaɓi, kowa allon sanarwa ne da aka sa wa riga.

Masu shirya fim kuma kan ce rashin kuɗi ne, kuma ba ƙarya suka yi ba: an rufe gidajen kallo, an hana taro, kasuwar faifai ta riga ta mutu. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. A Ingila, Rob Savage ya shirya Host a tsakiyar kulle, 'yan wasa kowa na gidansa, labarin duka a kan Zoom, bai kai awa guda ba, kuma masu sharhi suka yaba masa. A Amurka an fitar da Corona Zombies a watan Afrilun 2020, yawancinsa guntayen tsofaffin fina-finai ne aka ɗora wa sabuwar murya, ba don komai ba sai don a riga kowa cin kasuwar sunan. Songbird, wanda Michael Bay na cikin masu ɗaukar nauyinsa, ya fi su kuɗi nesa ba kusa ba, ya kuma sha suka. Izzar So kansa ba da dukiya mai yawa aka fara shi ba. Ƙaramin jari yana rage kyawun hoto, ba ya hana marubuci ya san mutanen da yake rubutawa.

To, mutumin Gaya me ya sani game da kulle? Shi kullensa ya riga korona zuwa. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. A ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da cutar a Nijar, aka hana mutane ƙetare iyaka, kaya kaɗai ke wucewa. Da Najeriya ta buɗe wasu ƙofofi a Disamban 2020, irin su Illela da Maigatari, Kamba ba ta ciki, sai a Afrilun 2022. Garin da abincinsa ke fitowa daga manyan motocin tashar jirgin ruwa ta Kwatano, daga ɗan dako da ɗan kamasho da mai canjin naira da sefa da mai sayar da tuwo a bakin duwan, annoba a wurinsa ita ce ranar da tukunya ba ta hau wuta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai aka miƙo masa fim ɗin falo mai kujerun alfarma, ana ce masa ya zauna a gida.

Akwai hanzari mai ƙarfi da ba za mu tsallake ba: a lokacin rayuka ake ƙoƙarin ceta, kuma shakku ya yi yawa. Rufe masallatai da dokar hana fita sun jawo tarzoma a Mirriya da Yamai a 2020. Faɗakarwa wajibi ce, babu musu, kuma rediyo ya yi ta da Hausa da Zabarmanci. Tambayar ita ce ko fim ɗin ya kai saƙon. Mai shakka yana da dalilansa: ya ga zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da sanƙarau suna ɗaukar yara ba a rufe kasuwa ba, yana son a gaya masa me ya bambanta wannan. Fim ɗin da ya mai da shi wawa abin dariya, ya kuma hukunta shi da gadon asibiti, bai amsa masa ba, ya dai kore shi. Waɗanda suka kalla har ƙarshe su ne waɗanda dama sun yarda.

Ana iya cewa ba adalci ba ne a nemi ɗan fim na Kano ya san wahalar bakin kogi, alhali kuɗin aikin daga ƙungiya ya fito, ita kuma saƙonta take so a faɗa. Haka ne, mai ba da kuɗi shi ke zaɓar kiɗa. Amma wannan uzurin ya ƙare da ƙarewar kwangila, labarin kuwa bai ƙare ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya sake toshe gadar Gaya da Malanville, motoci suka yi layi a ɓangaren Benin, fasinja da buhuna suka koma kwale-kwale. Masu tuƙa kwale-kwalen nan, idan dare ya yi, su ma suna miƙa memori a shagon mai tura fim.