Yadda Shafin Intanet Ke Gane Mai Cike Fom

Duk ɗalibin Kankia ko Kusada da ya taɓa neman gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina ya san cewa fom ɗin intanet ba kasafai yake ƙarewa a shafi ɗaya ba. Nan a rubuta suna da lambar JAMB, gaba a shigar da sakamakon WAEC ko NECO, can kuma a biya kuɗi. To, yaya shafi na uku ya san wanda ya cike na farko?

Tambayar ba ta wasa ba ce, domin ƙa'idar HTTP, wadda shafuka ke tafiya a kanta tun 1991, ba ta da tunawa ko kaɗan. Duk lokacin da ka latsa, babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wato uwar garke, kallon baƙo take yi maka. A 1994 ne Lou Montulli na kamfanin Netscape a Amurka ya ƙirƙiro kuki, ɗan guntun rubutu da uwar garke ke ajiyewa a burauzar mai amfani.

Mai karatu ya dubi katin asibiti. Majiyyaci lamba kawai yake riƙewa, fayil ɗinsa kuwa yana ɗakin kati. Haka abin yake a nan. Da zarar ka buɗe fom, uwar garke za ta buɗe maka ma'ajiyar zama, ta ba burauzarka doguwar lamba a cikin kuki. Abin da ka aika daga kowane shafi yana shiga ma'ajiyar, shafi na gaba kuma ya ɗauko shi da wannan lamba.

Sai dai ma'ajiyar ta fi kama da gajeriyar tunawa a ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wadda ke sakin abin da ba a maimaita ba. A harshen PHP, wanda ya samu wannan tsari a 2000, wa'adin asali daƙiƙa 1,440 ne, wato minti 24, ko da yake mai shafi na iya sauya shi. Ɗalibin da ya bar fom ya tafi gida neman takardar haihuwa yana iya dawowa ya tarar an share komai. Saboda haka a tattara takardu kafin a zauna.

Abin da ya fi damuna shi ne shagon kwamfuta, inda mutum goma ke bin na'ura ɗaya. Uwar garke ba ta ganin fuska, lamba take gani. Idan ɗalibi ya rufe shafi kawai ya tashi, kukin na iya zama daram, wanda ya gaje kujerar ya shiga da sunansa, ya ga bayanansa, har ya taɓa su. Malamai su nuna wa ɗalibai maɓallin fita. Shi ne ke umartar uwar garke ta rushe ma'ajiyar, lambar ta daina aiki.