Me ya sa ƙungiyoyi ke riƙe tsohon kwatabak?

Iyayenmu kan tambaye mu: yaya ɗan shekara 40 ke buga ƙwallon Amurka, wasan da ƙarti ke kayar da juna? Kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, da kai yake aiki fiye da ƙafa. Cikin daƙiƙa biyu ko uku zai karanci tsaron abokan hamayya ya zaɓi wanda zai jefa wa, kuma sai da shekaru ake ƙwarewa a haka. Tom Brady ya ci Super Bowl na bakwai a 2021 yana da shekara 43.

Amma akwai kasada. A 2023 New York Jets ta ɗora burinta kan Aaron Rodgers, jijiyar agararsa ta tsinke a wasan farko, kakar ta lalace. Ƙungiyar da ta ɗauki tsoho, kofin bana take nema, ba na baɗi ba.