Ƙasa da ruwa kafin fenti: yadda ake tsara gyaran gida a Malkohi da kewayen Yola

Gyaran gida ya bambanta da sabon gini ta wata fuska mai nauyi, domin mai sabon gini a kan fili yake farawa, yana ganin duk abin da zai taɓa, shi kuwa mai gyara a kan aikin wani yake ɗorawa, ba ya sanin abin da ke ƙarƙashin yaɓe sai ya fasa, kuma galibi iyalinsa na kwana a cikin gidan da ake fasawar. Magina sun raba gyaran kashi biyu. Akwai kwaskwarima, wadda ba ta wuce fenti da liƙe tsaga da sauya ƙyaure ba, akwai kuma garambawul, wanda yake kaiwa ga tushe da bango da rufi. Mafi yawan asarar da magidanta ke tafkawa daga rikita waɗannan biyun take tasowa, wato a kashe kuɗin kwaskwarima a kan gidan da garambawul yake nema, damina ɗaya ta zo ta wanke kuɗin. Saboda haka abin da ke raba gyaran da ya yi ƙarko da wanda ya tashi a banza shi ne jerin aikin, me aka fara da shi, me aka bari zuwa baɗi.

Malkohi, ƙauyen da ke gefen Yola a Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, wuri ne da ake ganin wannan jeri a fili. Sunansa ya shiga kunnen duniya ne bayan mayaƙan Boko Haram sun kama Gwoza a watan Agustan 2014, suka bi ta Madagali da Michika, suka shiga Mubi a ƙarshen watan Oktoba, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta da abin da hannu ya iya ɗauka. A sansanin Malkohi aka sauke mata da yara 275 da sojoji suka ceto daga dajin Sambisa a watan Mayun 2015, a can ne kuma bam ya tashi ranar 11 ga Satumbar wannan shekara. Abin da jaridu ba su bi ba shi ne shekarun da suka biyo baya, lokacin da waɗanda suka zauna a ƙauyen, da yawansu mutanen Gwoza, suka shiga aikin mayar da mafakar wucin gadi ta zama gida. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi a lokacin gaggawa shi ne murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum a ƙarƙashin rufi, tamfol kuwa ba ya daɗewa a ranar Yola kafin ya fara kekkecewa. Daga tamfol aka koma zana da jinka, daga nan tubalin laka da kwano, mai ɗan hali ya kai ga bulo, ɗaki bayan ɗaki, gwargwadon abin da gona ko ƙwadago ya bayar.

Tambayar farko a irin wannan wuri ba ta shafi siminti ba, ta shafi ƙasar da gidan ke kai. Mutumin da aka ba aron fili ba ya zuba fandisho, wato tushen kankare da ake binnewa a ƙarƙashin bango, kuma yana da hujja, tun da ranar da mai fili ya ce a tashi kwano da ƙofa da taga kawai za su bi shi, bango ba ya hawa mota. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, takardar shaidar mallaka daga gwamnati ita ce hujja mafi ƙarfi, amma a ƙauye abin da yawancin mutane ke riƙe da shi bai wuce takardar ciniki mai sa hannun shaidu da Jauro ba, wato mai unguwa a tsarin sarautar Adamawa. Ko wannan ta fi babu nesa ba kusa ba. Haka lamarin yake a tsofaffin unguwannin Yola da Jimeta, inda gidan gado ke tsaye shekaru ba a raba ba: ɗa ɗaya ya sami hali ya rufe soron mahaifinsa da sabon kwano ya zuba tayil, ranar rabo kuma a yi wa gidan kuɗi gaba ɗaya, shi ya ce a fitar masa da abin da ya kashe, 'yan'uwa su ce ba su aike shi ba. Ɗan haya ma da ya haƙa sokawe bisa alkawarin baki cewa za a cire a kuɗin haya, wannan ramin yake faɗawa. Rubutu na rabin shafi kafin a sauke tifar yashi ta farko yana kashe yawancin waɗannan rigingimu, idan kuma gyaran zai taɓa fasalin gini a cikin gari, kamar ƙarin bene ko fitar da shago bakin titi, sai an nemi izinin hukumar tsara birane ta jiha.

Bayan ƙasa sai ruwa, kuma a nan ne ya kamata mai gida ya daɗe yana dubawa. Yola da Jimeta a kwarin kogin Binuwai suke, sun sha ambaliya a 2012 lokacin da aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, suka sake sha a 2022, ita kuwa madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a yankin Fufore don ta tare wannan ruwa ba a kammala ta ba. A ƙarshen watan Yulin 2025 ruwa ya sake cin unguwanni a Yola ta Kudu, ciki har da Shagari da Yolde Pate da Sabon Pegi, aka yi asarar rayuka da gidaje. Sai dai ruwan da ke kashe yawancin gidaje ba ya zuwa da hayaniya irin wannan. Ta ƙafar bango yake shiga a hankali, daga feshin da ke tashi idan ruwan kwano ya doki ƙasa, daga kwatar da ta toshe, ko daga titin da aka ɗaga aka zuba wa kwalta har ya fi tsakar gida tudu. Alamarsa ita ce rima, wato danshin da ke hawa bango daga ƙasa, wanda ake gane shi da wani layi mai duhu kamar kamu biyu daga daɓe, fenti na kumbura yana ɓarewa a ƙasansa, wani farin gari mai kama da kanwa na fitowa, tabarmar da aka jingina a wurin kuma ta kwana da wari. Wanda ya shafe wannan layi da fenti ya rufe bakin mai kawo masa labari ne kawai. Maganin yana waje: a buɗe wa ruwa hanya, a cike tsakar gida da burji ta gangara zuwa kwata, a kewaye ƙafar bango da ɗan dakali, a bar bakin kwano ya zarce bango sosai.

Tsagar bango ma tana da karatunta. Siririyar da ta tsaya a filasta ba abin tashin hankali ba ce, amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana faɗaɗa da rani tana matsewa da damina, tana nuna ƙasar da ke ƙarƙashi ce ke motsi. A wurare da dama na kwarin Binuwai akwai baƙar laka irin wadda Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a cikinta bayan ruwa ya janye, tana kumbura idan ta jiƙa, ta dare idan ta bushe, ta ɗaga tushen da bai yi zurfi ba ta sauke shi kowace shekara. Gwajin da magina ke yi mai sauƙi ne, su manna ɗan siminti a kan tsagar su bar shi wata biyu ko uku, in ya sake tsagewa bangon bai zauna ba, liƙe kuwa ɓata kaya ne, sai an tono tushe an ƙarfafa shi ko a sauke bangon.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a duk inda ginin laka ke neman kamannin birni, shi ne shafa filastar siminti kai tsaye a kan tubali. Laka tana shan danshi tana fitar da shi, siminti kuwa ba ya tafiya tare da ita, don haka bayan damina ɗaya ko biyu sai filastar ta saki bangon, in an ƙwanƙwasa a ji ta tana amsawa kamar ganga, ruwan da ya sulale ta bayanta ya rasa mafita ya riƙa cin tubalin a ɓoye, gara ta sami hanyar da ido ba ya gani. Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa suke yaɓe da kayan da ke jituwa da laka, irin su makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa da katsi na marina, suna kuma sabunta yaɓen kafin kowace damina. Wanda ya nace sai siminti, to a kakkafa ƙusoshi ko a shimfiɗa ragar waya a bangon don filastar ta sami abin kamawa, ko da yake ko hakan jinkirta matsalar yake yi. Mafi alheri ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne ya sa simintinsa a layukan ƙasa na bango da daɓe, inda ruwa ke taɓawa, ya bar sama ga laka, wadda ta fi bulo sanyi a watannin Maris da Afrilu da zafin Yola ke haura digiri 40.

Rufi shi ne aikin da kalanda ke iko da shi. Ruwan farko a wannan yanki yana zuwa da iska mai ƙarfi wajen ƙarshen Afrilu da cikin Mayu, ita ce ke yaye kwanon da aka ɗora a kan bango ba a ɗaure ba, kuma duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake gani a kan rufi shaida ce cewa ba a yi ɗaurin ba. Ɗaurin kuwa waya ce ko rodi da ake binnewa layuka da dama a cikin bango tun ana gini, a naɗe katakon da ita, bayan an shafe katakon da maganin gara. Idan aka lissafa baya daga Afrilu, sauran aikin sai ya jera kansa: buga tubali bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da leburori suka samu kuma babu ruwan da zai narkar da shi, ɗibar yashi lokacin da kogi ya ja baya, ginin bango da sanyin hunturu. Kankare na bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28, iskar hunturu da zafin bazara kuwa duk suna busar da shi kafin ya kama. Kuɗin 'yan garuwa na waɗannan kwanaki yana cikin abin da ake mantawa a lissafi, kuma shi ake fara yankewa idan aljihu ya yi sauƙi, alhali lintar da ba ta sha ruwa ba ita ce za ta tsage a kan ƙofa.

Lissafin kaya ba ya bukatar injiniya. Bulo mai inci 9 ko mai inci 6 guda 10 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango, don haka ɗaki sha biyu sha biyu mai tsayin ƙafa 10 zai ci wajen bulo 400 bayan an cire ƙofa da tagogi, ban da na cikin ƙasa. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, buhun siminti kilo 50. Mai gidan da ya riƙe waɗannan a ka ba a cika yi masa aringizo ba. Abin da ba ya riƙuwa shi ne farashi, musamman tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Masana'antar siminti mafi kusa da Yola a cikin Najeriya ita ce ta Ashaka a Jihar Gombe, kuɗin mota kuma a kan mai saye yake ƙarewa. Wannan ya sa masu adashi ke mayar da kwasarsu kaya nan take, amma ba kowane kaya ke jure ajiya ba: kwano da rodi da bulo suna jira, siminti kuwa ya yi 'yan watanni a ɗaki mai danshi sai ya dunƙule ya zama dutse. Bulon araha ma a gwada shi, a karce shi da ƙusa, in yashi ya zubo kamar gari an san an miƙe buhu ɗaya ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa. A kan jimillar kuma a ware kamar kashi ɗaya cikin goma don abin da fasawa za ta tono, domin tsohon gida ba ya rasa shi.

Ma'amala da magini iri biyu ce, ko biyan yini ko jinga, wato a yanke kuɗin aiki gaba ɗaya. Mai biyan yini sai ya tsaya a kan aikin da kansa, in ba haka ba kwana uku su zama bakwai. Mai jinga kuwa abin tsoronsa gaggawa ce, a rage siminti a kwaɓi, a ɗora layi a kan layin da bai bushe ba. Hanyar da ta fi tsare kowa ita ce a yanka jingar gunduwa-gunduwa, kuɗin tushe daban, na kaiwa linta daban, na rufi daban, kafin alƙalami ya zama kaɗan, mai gida ya sayi kaya da kansa, a kuma riƙe wani abu sai an ga ruwan farko ya sauka a kan rufin. Sauya shawara a tsakiyar aiki, irin a ce a matsar da ƙofar nan bayan an zuba linta, mai gida ne ke jawo shi amma magini ake zagi. Mai wayar lantarki da mai famfo su gama kafin filasta, masai kuma ya yi nesa da rijiya da kamar mita 30, abin da ƙananan filaye ke sa ya zama shawarar maƙwabta biyu ko uku, kamar yadda indararon da zai zuba a gidan wani yake.

Tun da iyali na ciki, sai an tanadi ɗakin da za a tattara kaya da yara, an kuma kafa zana tsakanin wurin aiki da cikin gida saboda matan aure, an rufe ramin da aka haƙa da yamma. A Malkohi, inda gida da yawa ɗaki biyu ne, wannan na nufin ba a kware rufin ɗaya sai kwano da ƙusa da katakon da za su maye gurbinsa suna jingine a tsakar gida, kafinta kuma ya yi alkawarin zuwa da sassafe, don a rufe kafin magariba.