Daga rijiyar Sumayya zuwa motar miskili: Yadda masu karatu ke ƙwace jarumai daga hannun marubuta

Idan aka ambaci Gwallaga a birnin Bauchi, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne masallacin Juma'a da irin cikar da yake yi lokacin tafsirin watan azumi. A gidajen da ke kewaye da shi kuwa, kamar a kowace unguwa ta manyan biranen Arewa, akwai wani karatun da ake yi ba da lasifika ba. Matan aure da 'yan mata na bin littattafan soyayya ta waya, shafi bayan shafi, yadda marubuciya ta sako su a WhatsApp ko Wattpad. Wadda aiki ya sha wa kai sai ta kunna na sauraro a YouTube, ta jingine wayar a gefen murhu. Maza ma suna karantawa, sai dai ba kasafai suke amsa laifinsu ba.

Mafi yawan gardamar da ke biyo bayan wannan karatu a kan mutum guda ake yin ta, mutumin da ba a taɓa haifa ba. Masu karatu suna kiransa miskili. Saurayi ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, ɗan mai kuɗi ko ɗan mai mulki, soja ko likita ko shugaban kamfanin mahaifinsa. Ba ya dariya, magana kuma sai ka ce sayen ta yake yi. Gidansa na Maitama ko Asokoro, motocinsa ba sa ƙirguwa. (Ma'aikacin da ke kwana a Mararaba ya yi sammakon zuwa sakatariyar tarayya zai yi mamakin Abujar da ke cikin waɗannan littattafai: babu cunkoson hanya, babu mai jiran ƙarshen wata.) Akan ɗaura masa aure da 'yar talakawa ba da son ransa ba, ya shafe babi ashirin yana wulaƙanta ta, sannan so ya kama shi, ya dawo yana neman gafara da hawaye.

A nan ake rabuwa. Wasu masu karatu na ganin azzalumi ne da aka yi wa ado da kyau da dukiya, kuma mayar masa da yarinyar a ƙarshen labari koya wa mata haƙuri da cuta ne. Wasu na ganin ranar da ya durƙusa ita ce ranar da suka biya kuɗin littafin dominta, domin a zahiri ba su cika ganin mai iko ya durƙusa ba. Marubuciya takan ce faɗakarwa ta yi. Mai wa'azi kuma, in ya taɓo zancen, yakan karanta jarumin a matsayin abin koyi da aka ajiye wa 'ya'yan mutane. Shafi ɗaya suka duba dukansu.

Wannan rabuwar kai ta girmi wayar hannu. Gasar rubutun Hausa da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi da kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin birnin na Bauchi. Shaihu Umar, da aka buɗe labarinsa a Rauta kusa da Bauchi, ƙaunar uwa da ɗa ce ginshiƙinsa, uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta a zamanin cinikin bayi. Soyayyar saurayi da budurwa sai a Jiki Magayi na John Tafida da East, kuma tun daga can jarumin bai zo da fuska ɗaya ba. Abubakar na son Zainabu, attajiri Malam Shaihu ya ƙwace ta da ƙarfin dukiya. Mai karatu yakan fara da tausayin Abubakar, har sai ya ga ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da Zainabu ta haifa, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Daga nan tausayi ya rasa wurin zama. Masoyin farko a ƙagaggen labarin Hausa shi ne kuma mugun labarin.

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, labarin Boɗaɗo 'yar Fulani da ta nace sai Yasir, wanda ba ɗan danginsu ba. Cikin shekaru goma da suka biyo baya marubuta suka koma buga littattafansu da kansu a Kano, ƙanana masu araha, ana sayar da su a kasuwa ana kuma ba da hayarsu. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, a 1991. Sumayya 'yar masu hali ce, tana son Muhammad talaka, iyaye kuma sun fi karkata ga attajiri Abdulƙadir. Da aka matsa mata sai ta faɗa rijiya. Ba ta mutu ba, kuma daga ƙarshe ita da Muhammad suka yi aure.

Rijiyar nan ta zama ma'auni. Ga matasan wancan lokaci, ita ce iyakar inda auren dole ke kai yarinya, kuma iyaye aka yi wa hannunka mai sanda. Ga masu suka, darasi ne aka ba 'yan mata na yadda za su karya maganar iyaye. Malamai sun kwashe shekaru suna musayar ra'ayi a jaridu: Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu. Brian Larkin, masani daga Amurka, ya wallafa nazari a 1997 yana danganta su da finafinan Indiya da Hausawa suka daɗe suna kallo, inda rikicin so da biyayyar iyaye ke kama da nasu. A 2007 gwamnatin Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙone wasu littattafan da aka ce suna ɓata tarbiyyar ɗalibai, daga bisani Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista. Duk matakan sun ginu ne a kan fahimta guda, cewa abin da Sumayya ta yi shi mai karatu za ta yi.

Abin lura shi ne yadda kujeru suka juya tsakanin wancan zamani da yau. A shekarun 1990 mai kuɗi ne mugu, talaka mai ladabi da ilimi shi ne jarumi. Yau Abdulƙadir ne ya dawo da ƙuruciya da kyau, aka ba shi kujerar Muhammad. Mai saurin hukunci zai ce kwaɗayi ne ya shiga zukatan masu karatu, kuma ba za a rasa ƙamshin gaskiya a ciki ba, ganin yadda tsadar rayuwa ta sa soyayyar talaka ta zama labarin da ke da wuyar sayarwa. Amma akwai abin da ya fi wannan. Tambayar tsofaffin littattafan ita ce wa yarinya za ta aura. Tambayar na yanzu ita ce yadda za ta zauna da wanda aka riga aka aura mata, domin da yawan masu karatun matan aure ne, an wuce da su matakin zaɓe. Miskili shi ne mijin da ba ya magana, ba ya yabo, ba ya ba da haƙuri, aka ƙara masa girma har ya cika shafi. Motocin da gidan Maitama kayan ado ne. Abin da ake bi babi bayan babi shi ne ko irin wannan mutum yana sauyawa, da kuma nawa za a biya kafin ya sauya.

Balaraba Ramat Yakubu ta amsa wannan tambaya tun 1990, kuma amsarta ba ta da zaƙi. A Alhaki Kuykuyo Ne, Alhaji Abdu ya ƙuntata wa matarsa Rabi da 'ya'yanta tara, ya auro Delu, ya kori Rabi. Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe gidanta, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Da dukiyar Alhaji Abdu ta ƙone, Delu ta juya masa baya, sai dangi suka taru a kan Rabi ta koma. Ta koma. Lokacin da kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Aliyu Kamal ta Ingilishi a 2012, littafin ya samu masu karatu da ba su san zaman gidan Bahaushe ba, kuma abu ne mai sauƙi irinsu su ga komawar a matsayin faɗuwa. Mace a Gwallaga na iya ganin wani abu dabam: Rabi ta koma ne tana riƙe da tukunya da jari, mijin da ya kore ta yanzu a hannunta yake ci. Wata kuma, a gidan da ke kusa, za ta ce wannan ai ƙarin wahala ne aka laƙaba wa suna nasara. Marubuciyar ba ta raba gardamar ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa littafin bai tsufa ba.

A ƙasar Japan an mayar da irin wannan gardama sana'a. Akwai wani nau'in wasan kwamfuta da ake karantawa kamar littafi, da zanen mutane da kiɗa, inda labari ke tsayawa a wasu wurare ya ba mai karatu zaɓi. Kowane zaɓi na kai shi ga wani masoyi da wani ƙarshe, mai daɗi ko mummuna. Na mata ya samo asali ne daga Angelique, wanda wani rukunin mata ma'aikatan kamfanin Koei suka ƙirƙira a 1994. A can ma an san mai nuna ƙi a baki alhali so na cin zuciyarsa, suna kiransa tsundere, ɗan'uwan miskili na jini. Bambancin shi ne marubucin irin wannan wasa ya sallama tun farko cewa ba shi zai zaɓa ba. Yana rubuta hanya biyar ko shida, kowace da hujjarta, ya bar mai karatu da alhakin abin da ta ɗauka.

Marubuciyar Hausa ta yau ba ta da wannan sararin, hanya ɗaya take da ita, amma masu zaɓen sun shigo mata ɗaki. A da, mai karatu sai ta gama littafi sannan ta rubuta wasiƙa zuwa adireshin da ke bangon baya. Yanzu littafin ana rubuta shi ana karantawa. Akan saki shafukan farko kyauta don ɗanɗano, wadda ta ji daɗi ta tura kuɗi ta asusun banki ko katin waya, ta nuna shaidar biya, a sa ta a rukunin da ake ci gaba. Kowane dare bayan an saki shafi sharhi ke biyo baya: a hukunta kishiya, kada a yafe wa miskili da wuri, a kashe wance, a bar wane ya auri jarumar. Masu kallon Labarina na Aminu Saira sun san irin wannan, yadda aka rabu gida-gida a kan wanda ya dace da tasu Sumayyar tsakanin Mahmud da Lukman da Presido. Sai dai mai shirya fim ya riga ya ɗauki zangonsa kafin a fara surutu. Marubuciya kuwa shafin gobe bai rubutu ba tukuna, kuma masu sharhin su ne masu biya.

Ribar wannan a fili take. Mata da dama sun samu sana'a daga ɗakunansu ba tare da sun bi ta hannun ɗan kasuwar littafi ba, kuma ba a taɓa samun lokacin da marubuci ya san zuciyar mai karatunsa kamar yanzu ba. Hasarar ita ce ba a cika gani ba. Jarumin da aka rubuta da ƙuri'a yakan zama abin da rinjaye ke so, shi ya sa miskilai suka yi kama da juna kamar 'yan gida ɗaya, shi ya sa kuma wasu ke ƙara gishirin batsa idan suka ga kasuwa ta ja baya, abin da marubutan kansu ke kuka da shi. Hukumar da ke tunanin tace littafi a yau za ta tarar babu maɗaba'ar da za ta rufe, babu kuma marubuci guda da za ta kira, domin labarin na mutum ɗari ne. Gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 domin mata, na cikin wurare kaɗan da marubuciya ke kammala labarinta kafin kowa ya sa baki.

Da a ce a rukunin WhatsApp Balaraba ke sakin Alhaki Kuykuyo Ne dare bayan dare, da wuya ta mayar da Rabi gidan Alhaji Abdu ba tare da rabin rukunin sun nemi a dawo musu da kuɗinsu ba. Sauran rabin kuma wataƙila su yarda, bisa sharaɗin a rage masa shekaru, a mayar masa da shagonsa da ya ƙone.